Haya ko Mallaka: Lissafin Gida a Birnin Kano Idan Kasuwa Ta Kwanta



Shugaban wannan zama, iyayenmu masu unguwanni, malamanmu, 'yan kasuwa, iyaye mata, da matasan da suka cika bayan ɗakin nan, ina yi muku barka da yamma. An nemi in yi magana a kan farashin gidaje lokacin da kasuwa ta kwanta, da kuma tsohuwar gardamar nan ta majalisa: mutum ya ci gaba da zaman haya ne, ko ya matse bakin aljihu ya mallaki nasa?

Akwai maganar da kowane dillalin gidaje a garin nan ya haddace tun yana yaron dillali: "Alhaji, saya kawai, ƙasa ba ta faɗuwa." Na ji ta a Kurna, na ji ta a Hotoro, na ji ta a bakin Ƙofar Mata. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta daɗe. Amma rabin gaskiya ce, kuma ɗaya rabin nake so mu duba da yammacin nan. Kafin mu shigo gida, ku ba ni dama in zaga da ku bakin teku, don can ne farashin gida yake faɗuwa a bainar jama'a.

Jihar Fulorida ta Amurka ƙasar rairayi ce da rana, inda masu kuɗi da tsofaffin da suka ajiye aiki suke son zama. Daga shekarar 2000 zuwa 2006 farashin gida a birnin Mayami ya ninka, har ya zarce. Ba albashin mutane ne ya ninka ba. Bankuna ne suka buɗe baitulmali, suna ba da bashin sayen gida har ga wanda ba shi da tsayayyen abin yi, bisa zaton ko ya kasa biya, gidan zai ƙara daraja a sayar a ci riba. Da farashi ya tsaya a 2006, masu bashi suka fara gazawa. Banki ya ƙwace ya kai kasuwa, na kusa ma ya ƙwace ya kai kasuwa, gidaje suka yi wa masu saye yawa. A watan Satumba na 2008 babban bankin nan Lehman Brothers ya durƙushe, kuma kafin ƙura ta lafa gidajen Mayami sun zubar da kusan rabin kuɗinsu. Miliyoyin iyalai a faɗin Amurka sun rasa matsuguni.

Dubai kuwa ba sai na yi muku dogon bayani ba, don a ɗakin nan akwai waɗanda suka san lungunan Dera kamar yadda suka san layukan Kantin Kwari. A 2002 hukumar Dubai ta ba baƙi damar mallakar gida a wasu yankuna. Aka cike teku da yashi aka yi tsibirin Palm Jumeirah mai siffar dabino. Mutum ya ba da kafin alƙalami a kan gidan da ko tushe ba a haƙa ba, bayan wata biyu ya sayar da takardar ga wani da riba, shi ma ya miƙa gaba. A watan Nuwamba na 2009 kamfanin gwamnati Dubai World ya nemi a ɗaga masa ƙafa kan bashin da ake bin sa, sai da Abu Dabi ta kawo ɗauki da dala biliyan 10. Farashin gidaje ya faɗi da kusan rabi, gine-gine suka tsaya da rodi a waje.

A wuraren nan biyu abin da ya kayar da farashi ɗaya ne: bashi. Wanda banki ke bi ba shi da ikon cewa "albarka". Dole ya sallama yau, ko nawa aka taya.

To, mu sauko Legas, wadda ta fi kama da mu. Gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, kuma a shekarar tattalin arzikin Najeriya ya karye. Kamfanonin mai suka rage ma'aikata, baƙi suka tattara suka tafi, manyan benaye a Ikoyi da Biktoriya Ailan, inda ake yanka haya da dala, suka zauna babu kowa. Amma da yawa daga masu gidajen ba su karya farashi ba. Sun ja ƙofa sun kulle, sun ce sa jira. Ba banki ne ya ba su kuɗin ginin ba, saboda haka babu mai tilasta musu. A takarda gidan bai faɗi ba. A aljihu kuwa shekara ta wuce babu ko sisi, ga mai gadi, ga gyara, ga gishirin teku yana cin ƙarfe.

Wannan ita ce irin faɗuwar da muke yi a Kano. Mu ba mu da teku, Jakara muke da ita, ita ma an rufe ta da titi. Ba mu da bashin gida na a-zo-a-gani, domin ruwan bankin kasuwanci yana da tsada, har ya kusa kashi 30 cikin ɗari lokacin da Babban Banki ya kai nasa ma'aunin kashi 27.5 a Nuwamban 2024, kuma ko da ruwan kaɗan ne, yawancinmu ba za mu taɓa ba saboda riba. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake yankar kashi 2.5 na albashin ma'aikaci, yana ba da rance a kan kashi 6, amma ku tambayi ma'aikatan da ke nan mutum nawa suka sani da ya samu. Bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da ire-irensa sun kawo tsarin da ba ruwa, sai dai shi ma yana neman albashi mai kauri da takarda mai kyau. Bakano da kuɗin hannu yake gini: bana ya sayi fili, baɗi ya zagaye, shekara mai zuwa ya kai linta, ya bar kango yana shan damina har Allah Ya hore kwano. Wanda ya yi gini haka ba ya karya farashi. Za ka taya, ya ce albarka, ya koma ya zauna.

Ina asarar take ke nan? Ku zo mu je Wapa mu yi lissafi. A farkon 2023 'yan canji suna sayar da dala a wajen naira 750. A cikin 2024 ta kai 1,500, ta wuce. Mu ƙaddara, misali kawai, wani ya sayi gida naira miliyan 30 a farkon 2023. Dala 40,000 ke nan. Bayan shekara ɗaya da rabi dillali ya zo da fara'a ya ce an taya miliyan 45. Mai gida ya yi hamdala, ya ce ya ci ribar miliyan 15. Amma miliyan 45 a sabon canji dala 30,000 ce. Kashi ɗaya cikin huɗu na dukiyarsa ya tafi, kuma yana murna. Wanda bai damu da dala ba ya auna da siminti: buhun da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ya haura 10,000 a wasu wurare a Fabrairun 2024. Ko ya auna da buhun shinkafa, ko dilar atamfa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Duk gidan da bai tashi da wannan gudun ba, faɗuwa ya yi, lambar ce kawai ta ƙaru.

Kada a fahimce ni a baibai. Wanda ya bar miliyan 30 ɗin a asusun banki ya fi mai gidan shan kashi nesa ba kusa ba. Gida ya fi takardar naira riƙe daraja, wannan babu ja. Abin da nake ja da shi shi ne a ce gida ya fi komai, a kowane lokaci, ga kowane mutum.

Asara ta biyu ita ce lokaci. Ranar da ka buƙaci kuɗi da gaggawa, ko rashin lafiya, ko kaya sun maƙale a tashar jirgin ruwa ana neman kuɗin fito, ranar za ka san ainihin kuɗin gidanka. Dillalai uku za su shigo, kowa da yaransa, kowa yana jiran la'ada. A leƙa ɗakuna, a ƙwanƙwasa bango, a tambayi zurfin rijiya, a ce lungun mota ba ta shiga. Wata shida ana "mai saye yana Umara, sai ya dawo". Daga ƙarshe wanda ya san kana cikin matsi shi zai zo da kuɗi a hannu ya taya abin da ko a mafarki ba ka zata ba, kuma ka sallama.

Yanzu mu zo kan haya. Akwai lissafi mai sauƙi da nake so kowane matashi ya fita da shi daga nan: ka raba kuɗin gida da hayarsa ta shekara. Gidan miliyan 30 da ake haya miliyan ɗaya da rabi, sai ya yi shekara 20 kafin haya ta mayar da kuɗinsa, wato kashi 5 cikin ɗari a shekara, tun ba a cire gyaran rufi, yashe masai da watannin da zai zauna ba kowa ba. To, ɗan kasuwar da ke juya miliyan 30 a kasuwar Singa ko Kwari ko Dawanau, yana fitar da abin da ya ninka haka, in ya kwashe jarin ya binne a bulo don a ce ya yi gida, me ya yi? Ya sayi suna, ya sayar da sana'a. Mun ga waɗanda suka tare a gida mai tayil da fenti, bayan shekara biyu rumfa ta bushe, suka koma karɓar kaya bashi a wurin yaran da suka yaye. A ƙarshe gidan ma aka sa shi a kasuwa. Ga irin wannan mutum, haya ba asara ba ce, kuɗin da ya biya ne don jarinsa ya ci gaba da numfashi.

A Jamus, ƙasar da ta fi kowace ƙarfin arziki a Turai, fiye da rabin mutane a gidan haya suke, likita da injiniya da malamin jami'a, wasu har su mutu. Ba don sun fi mu haƙuri ba. Doka ce ta tsare su: ba a tashin ɗan haya sai da dalili karɓaɓɓe, ba a ƙara masa kuɗi yadda aka ga dama.

A nan kuwa kun san yadda take. Magidanci ya biya shekara cif a dunƙule, ya biya dillali, ya gyara famfo da kuɗinsa, ya sa wa tagogi raga, matarsa ta saba da maƙwabta, yara sun shiga Islamiyyar lungun. Saura wata biyu kuɗinsa ya ƙare sai ga saƙo: mai gida zai yi wa ɗansa aure, yana son gidansa. A kwashe gado da kujeru a kura, madubin amarya ya fashe a hanya, fomaika ta ɓare. Bayan wata ɗaya ka bi ta ƙofar gidan ka ga baƙuwar fuska, ba ɗan mai gida ba, wani ne da ya yarda ya biya ninki. Wannan wulaƙancin, ba lissafi ba, shi ke sa mutum ya rantse sai ya yi nasa ko da a bayan gari ne, ko da ɗaki ɗaya ne ba filasta. Kuma ban ga laifinsa ba. Jihar Legas ta yi dokar haya a 2011 wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma tsara wa'adin sanarwar tashi. Ana karya ta, gaskiya ne, amma aƙalla akwai abin da za a ɗaga a gaban alƙali. Mu a nan yawancin hayarmu da baki ake ƙulla ta, shaida dillali ne, shi kuma dillali inda la'ada take nan yake.

Sai dai bayan garin ma yana da nasa kuɗin da ba a rubutawa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wanda ya bar Yakasai ko Zage, inda yake takawa da ƙafa zuwa rumfarsa, ya koma Janguza ko bayan Rimin Kebe, kullum sai ya hau A Daidaita Sahu biyu zuwa, biyu dawowa, yaransa ma haka. Ku tara wannan a shekara ku gani ko bai kai hayar ciki da falo a cikin gari ba. Ya tsira daga mai gida, ya faɗa hannun gidan mai. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015 sun nuna mana wani abu makamancin haka: gini mai kyau, tituna shimfiɗe, amma da yawansu sun daɗe a rufe, saboda kuɗinsu ya fi ƙarfin mai buƙata, mai ƙarfin kuma yana da inda yake.

Bari in shigo cikin ganuwa, inda na fi so mu daɗe. Gidan cikin birni ba a cika sayensa ba, gadonsa ake yi. Tun zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa birni ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, unguwannin nan suke tara zuriya a kan zuriya. Gida ɗaya mai zaure biyu da soro da turaka da rijiya a tsakar gida, kaka ya bar wa 'ya'ya goma sha, su ma suka bar wa nasu. Ranar rabon gado a fitar da tumunin takaba, a kasa saura, wani ya tashi da ɗaki ɗaya, wata da rabin ɗaki. Sai a ja bulo a tsakiyar tsakar gida, a fasa ƙofa ta lungu, zauren da ake karatun allo da ɗaurin aure a mayar da shi shago. Ko kuma a ce gidan ba ya rabuwa, a yi masa kuɗi a sayar. Nan ne lokacin kasuwa yake da muhimmanci, kuma nan ne aka fi yin gaggawa, domin a cikin magada akwai mai bashi, akwai mai aurar da 'ya, akwai wanda ya ƙosa ya ga kuɗi. A sayar a lokacin da babu masu saye, kowa ya karɓi kason da ba zai sayi ko fili a Gaida ba, kafin shekara ta zagayo hauhawar farashi ta cinye shi. Mutanen da kakanninsu suka yi ɗaruruwan shekaru a unguwa su wayi gari 'yan haya a inda ba wanda ya san sunan ubansu.

Malamanmu suna nan, su gyara mini in na kauce: a mazhabar Malikiyya akwai haƙƙin shuf'a. Idan abokin tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran abokan tarayya suna da ikon karɓar kason a kan kuɗin da aka sayar, kuma wanda yana gari ya yi shiru har shekara, haƙƙinsa ya faɗi. Magada da yawa ba su san da wannan ba sai bayan baƙo ya kafa ƙofarsa. Kuma ba dole ne a sayar ba. Ana iya gyara gida a sa haya a riƙa raba kuɗin bisa kason kowa, a rubuce, da sa hannun kowa, har mata, waɗanda su aka fi dannewa a irin wannan zama da sunan kunya.

Abu na gaba takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake riƙe da shi izinin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma ana iya soke shi don amfanin jama'a, a biya ka diyyar gini, ba ta ƙasa ba. Mutanen unguwar Maroko a Legas, kusan 300,000, sun ga haka a Yulin 1990 lokacin da aka rushe unguwarsu ta bakin ruwa, wurin da yau ya zama na masu hannu da shuni. A Afrilun 2024 aikin titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba ya bi ta kan wurin shaƙatawa na Landmark. Mu ma ba labari aka ba mu ba. A watan Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-ginen da aka yi a filayen da gwamnatin Abdullahi Ganduje ta bayar, a Filin Sukuwa, da tsohon otal ɗin Daula, da shagunan Masallacin Idi. Babbar kotun tarayya ta yanke wa 'yan kasuwar Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ban zo nan in raba gardamar siyasa ba, kowa yana da ra'ayinsa. Abin da ya shafi laccarmu shi ne mutanen nan suna da takardu a hannu. In mai takardar gwamnati zai kwana da shago ya tashi da ɓaraguzai, ina ga mai awon igiya, wanda shaidarsa takardar cinikin da aka rubuta a kan benci? Kafin ka biya, ka je hukumar filaye ta KANGIS a duba fayil, ka je hukumar tsara birane ta KNUPDA ka ji ko wurin hanya ce, ko makaranta, ko maƙabarta, ko jikin ganuwa. Ka tambayi mai unguwa, sannan ka tambayi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin.

Ita za ta gaya maka abin da dillali ba zai faɗa ba: ko wurin kududdufi ne aka cike. Kududdufan birni ramukan da kakanninmu suka haƙi ƙasar gini ne, su ne kuma suke shanye ruwan damina. Mun cike su da shara mun yi gini a kai, ruwa kuwa bai manta hanyarsa ba. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta jiƙa dukiya mai yawa, kuma kowa ya ji ana maganar gine-ginen da aka ɗora a kan magudanan ruwa. Masu gidajen bakin teku suna fama da tekun da ke cin gaɓa, har Legas ta gina katangar duwatsu ta kare Eko Atlantic. Namu tekun a watan Agusta yake zuwa. Ka je ganin gida da damina, ba da rani ba, ka duba gindin bango ka ga inda danshi ya tsaya.

Hukuncina shi ne wannan. Mai albashi ko mai sana'ar da ta zauna, wanda ya san a garin nan zai tsufa, yana da rarar da ba jari ba ce, ya sami wuri mai tsabtar takarda kusa da abincinsa, ya saya, kuma lokacin da kasuwa ta kwanta shi ne lokacinsa, don mai kuɗi a hannu shi ke yanka farashi. Matashin da jarinsa bai yi ƙwari ba, da ma'aikacin da gobe za a iya mayar da shi Dutse ko Abuja, su kama haya ba tare da sunkuyar da kai ba, amma a rubuce, da wa'adi, da shaidu biyu. Magadan gidan cikin birni kuma kada su sayar a shekarar da kowa ke neman kuɗi.

Ina roƙon wakilanmu a Majalisar Dokokin Jiha su ba mu dokar haya mai haƙori, wadda za ta tsare mai gida daga ɗan hayar da ba ya biya, ta tsare ɗan haya daga tashin dare ɗaya. Ina roƙon iyayenmu masu unguwanni kada su sa hannu a cinikin gidan gado sai sun ga kowane magaji da idonsu, mace da namiji. Ku kuma iyayen 'yan mata, idan yaro mai sana'a da mutunci ya zo neman aure ya ce a haya zai ajiye ta, ku tambaye shi takardar hayar da abin da yake samu a wata, ku ba shi.

Shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda cewa Magariba ta gabato. Mai tambaya ya ɗaga hannu, za mu ɗauki abin da lokaci ya bari. Allah Ya ba kowa matsuguni na halal.